Kunyar Laouali a Gaban Baƙon Jami'a

Laouali mutumin Maraɗi ne, direban babbar mota, gidansa na kallon nawa a McLeansville, gefen garin Greensboro a Amurka. Ƙwallon Amurka, wadda ke kama da gwanda ƙarti na kokawa a kanta, ta shiga jininsa tun zuwansa Greensboro. Saboda shi, da tsufana na haddace kalmar kwatabak, wato mai jefa ƙwallon, wanda kowa ke zagi in an sha kashi.

Duk Lahadi shi da abokinsa Garzali musunsu ɗaya ne: in ƙungiya ta zaɓo sabon kwatabak daga jami'a, a sa shi wasa nan take, ko a bari ya nuna?

"Yaro ɗanye shakaf a jefa shi gaban ƙattai? Bon, ku karya shi!" in ji Laouali. "A garinmu ɗan kokawa sai ya daɗe yana riƙe wa manya layu kafin ya taka fili."

"Malam, an ɗauko shi na farko a diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa, don ya ɗumama benci? Wa ya taɓa koyon iyo a tudu?" in ji Garzali.

Nakan ce musu, "Ku biyu da tumbinku, ko zagayen ƙarshe babu mai ɗaukar ku."

Da a talabijin abin ya tsaya, da sauƙi. To, akwai kwatabak a cikin gidan: Soumaïla, ɗansa na fari, mai jefa wa makarantar sakandarensu. Hannun yaron kamar majajjawa. Laouali kuwa, da yake yaron ɗan fari ne, sai kunya: bai taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan". Ranar wasa can ƙarshen shinge yake tsayawa, in ɗan ya yi abin kirki kowa na ihu, shi yana duban takalminsa.

A shekarar yaron ta ƙarshe, wani koci daga wata jami'a ya zo har gida. Suna neman matashin da za su raina, karatu kyauta, gurbi kuma ɗaya ne. Rachida, uwar yaron, ta yi dambun zogale, ta kira ni in cika falo. Baƙon ya ci ya yaba, sannan ya juya wajen uban.

"Kai ka fi kowa saninsa. Wane irin yaro ne?"

Laouali ya kawar da kai. "Wancan? Barci ya iya. Bai san komai ba tukuna. Sai dai ku yi haƙuri da shi."

Da a Maraɗi ne, duk mai kunne ya san an ce zinariya ke nan. Baƙon ya daina tauna. Ya sake tambaya ko yaron na tashi atisaye da kansa. Na yi tari, na taka ƙafar Laouali har sai da yatsana ya yi zafi.

"In an kore shi da tsawa," in ji gogan naka. Yaron da ke riga ladan tashi!

Soumaïla ya miƙe, ya faɗa wa ubansa da Turanci cewa ya gode, ya shige ɗaki.

Bayan baƙon ya fita na buɗe masa wuta. "Kai Laouali, kunya ka kawo Amurka a akwati? Nan uba har a bayan mota yake manna sunan ɗansa!"

"Hajiya, in yabi ɗana da bakina? Gaban baƙo? Ai ya gane."

"Ya gane ƙaniyarka."

Da shirun kocin ya yi yawa, Laouali ya zo ƙofata yana murza hula, wai ni kaka ce, bakina ya halatta, in kira mutumin. Na kira, na zuba Turancina na asibiti da na kasuwa. Kocin ya saurara da ladabi, ya ce sun riga sun ba wani yaro daga Summerfield, amma in bazara ta yi Soumaïla na iya zuwa gwaji, ba alkawari.

Soumaïla ya ce zai je, da sharaɗi: ni zan raka shi, ubansa ya zauna gida. Rachida ce ta isar da saƙon. Laouali ya zo ya tambaye ni ko gwiwata za ta jure zaman mota.

Ba za ta jure ba. Na ce masa ya nemo mini matashin kai, ya kuma rufe bakinsa har mu dawo.