Tsarabar Kawu daga tsallaken iyaka

Shekarar da hawan jini ya kama Inna, ni aka ɗora wa kai ta asibiti a Gumel. 'Yan'uwana suka ce ai ni na dace, tunda ni ne mai komawa gida sau uku don in duba ko na rufe ƙofa. Karatuna a firamare ya tsaya, amma duk takardar da ta shigo hannuna sai na bi ta baƙi bayan baƙi.

Likitar, wata mace mai fara'a, ta rubuta mata ƙwaya ɗaya, fara ƙarama, kullum da safe. Ni nake ba ta da hannuna kafin in tafi lambu, in tsaya a kanta sai ta haɗiye.

"Buɗe bakin zan yi ka leƙa?" haka take ce min.

Wata biyu lafiya lau, sai jiri ya fara. In ta miƙe daga tabarma sai ta dafa bango. Wata safiya ta faɗi a bakin murhu, tukunyar koko tana tafasa, taku ɗaya ne tsakaninsu. Na zazzage ƙwayoyin a tafin hannuna na ƙirga sau huɗu, ko na taɓa ba ta biyu ban sani ba. Daidai suke.

Muka shiga mota daga Gagarawa zuwa Gumel. Likita ta gwada jinin, ta sake gwadawa, ta ce ya sauka fiye da yadda ake so.

"Inna, kina shan wani magani ban da namu?"

"A'a, 'yar nan. Naku kaɗai."

Likita ta ce a riƙa raba ƙwayar biyu, mu dawo bayan mako. Jirin ya ragu, amma bai tafi ba.

Kwana huɗu bayan haka Inna ta aike ni ɗakinta in ɗauko mata goro a kwalla. A ƙarƙashin goron na ga katin ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, an ɓalle fiye da rabi. Rubutun jikinsa Faransanci ne, bakina ya ƙi shi. Sai dai akwai wata doguwar kalma da na ga kamar na santa. Na ɗauko kwalin asibiti na jera su, na bi da yatsa. Kalma ɗaya ce, ba baƙin da ya bambanta.

"Inna, wannan fa?"

"Mayar min. Tsarabar kawunka ce."

Kawu ƙanenta ne, dillalin shanu a Maigatari, kusan kullum yana tsallakawa Nijar. Ya ji tana fama da hawan jini, ya shiga farmasi, wato kantin maganin can, ya sayo mata.

"Yaushe kike sha?"

"Bayan la'asar, in ka tafi ban-ruwa."

"Amma likita ta tambaye ki, kika ce a'a!"

"Magani ta tambaya. Magani shi ne wanda aka rubuta maka. Wannan ɗan'uwana ne ya tuna da ni. In ya kawo min cuku sai in kai rahoto asibiti?"

Washegari muka koma, katin yana aljihuna, ina taɓa shi kowane minti. Likita ta duba, ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Ta ce magani ɗaya ne, launi kawai ya bambanta, Inna ta daɗe tana shan na mutum biyu. Likitar ta miƙa hannu za ta jefa katin a kwando.

"Kul!" in ji Inna. "Ba a zubar da kyauta."

"To, ba zubarwa zan yi ba, Inna. Ajiya za ki ba ni."

Da haka ta yarda, da sharaɗin ni zan gaya wa Kawu, don ita ba za ta iya kallon idonsa ta ce tsarabarsa ta kayar da ita ba.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari, ina ta maimaita maganar a mota, har na kusa da ni ya tambaya ko wuridi nake. Na sami Kawu a kara, yana duba haƙoran wani bijimi.

"Kai da tsoronka!" ya ce da na fara bayani. "Ai na can ya fi ƙarfi."

"Shi ne damuwar, Kawu."

Na ba shi labarin murhu da tukunyar koko. Ya saki bakin bijimin, ya goge hannu a riga. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da kati biyu sababbi, da ma so yake ya ba ni in kai mata.

"Ungo, kai wa likitar taka ta haɗa a ajiyar. Yayar tawa tana miƙewa da kanta yanzu?"

Na ce jiya har shara ta yi, ba ta dafa komai ba.