Fuskar Inna a Shafin Rijiya

Ranar wata Alhamis ce, a bazarar shekarar da aka fara zaɓen jam'iyyu, na dawo daga kiwon awaki na tarar da mata sun cika gindin itacen bedi na lakol, wato makarantar boko, a ƙauyenmu na ƙasar Gazawa. Madam Rabi, malamar lakol, tana juya hannun wani inji baƙi, takardu suna fitowa da ɗanyar tawada. Mata suna ninkewa, suna ɗinke tsakiya da zaren kaba, mu yara muna shanyawa kan tabarmi muna danne su da tsakuwa.

A shekarun nan kowa ƙungiya yake kafawa, matan garinmu ma suka kafa tasu. Zawo ya kwashe yara a damina, sai suka ce za su yi ɗan littafi kan tsabtar rijiya. Babu mai karatu a cikinsu, saboda haka littafin zane ne zalla. Su suke faɗin abin da za a sa, Madam ta zana. Da ta nemi wadda za ta zauna ta kwafi fuskarta, duk suka noƙe. Innata ta ajiye taɓarya ta zauna. Ita Bagobira ce daga wajen Tibiri, aure ya kawo ta cikin Katsinawa, kuma ita kaɗai ke da tsage daga gefen baki har kunne. Madam ta zana tsagen yadda ta gan shi.

Mata biyu ne a cikin littafin. Ɗaya ta rataye guga a reshe, ta rufe tulunta, 'ya'yanta suna wasa. Ɗayar ta yar da igiya cikin kashin shanu, ɗanta yana kwance. Fuskar Inna a kan ta biyun ta faɗa. Madam ba da mugunta ta yi ba. Ita a ganinta fuska fuska ce. A wurinmu kuwa tsage suna ne, da na uba da na gari.

Da farko wasa aka ɗauke shi. "Bagobira, ɗaga igiyar, mun gan ki a takarda!" Mu ma a dandalin gaɗa aka sa ni cikin waƙa. Daga baya wasan ya ƙare. Inna ce ake kira damun fura duk gidan da aka yi suna, sai aka yi suna a maƙwabta ba a aiko ba. Ta aike ni da tuwo gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Madam ta zo har gida tana ba da haƙuri, ta ce takarda ta ƙare, ba halin sakewa. "Zane ne kawai, Inna." Inna ta ce, "To, zane ne. Allah ya huci zuciyarki."

Washegari Inna ta jiƙa ƙaro da baƙin tukunya, ta fiƙe kara, ta ɗora mini ƙoƙon tawadar. Gida gida muka bi. Kowane gida sai ta yi sallama, ta ce a fito mata da littafi, ta zauna bakin turmi, ta ja wa mace mai tsabtar tsage irin nata. Hannunta ya saba da zanen ƙwarya, bai karkace ba. Gwaggo Hajo ta ce, "Yanzu kuma wace ce ke a ciki?" Inna ta busa tawadar ta miƙa mata. "Duka biyun. Ke ma haka, sai dai ba ki da zuciyar zama a zana ki." Ba ta roƙi kowa ba. Sunan da aka yi bayan girbin wake, tun da asuba aka aiko mata da ludayi, ta zo damun fura.

Ni sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga ajin manya na koyi baƙi. Yanzu ni ke zana wa matan unguwarmu a Agiye ƙananan littattafai, a kai shagon fotokofi a buga nan take. Ba mai zama a kwafi fuskarsa, ba a kuma yi wa yara tsage. Fuskokin da nake zanawa sumul suke, ba wanda ya taɓa yin fushi da su. Ba wanda kuma ya taɓa cewa ya gane uwarsa a ciki.