Robar da na ɗaure wa jirgin feshi

A wancan lokacin ni bakaniken babur ne a Mubi. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma in na buɗe baki sai ka rantse ni na ƙera inji. Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko wa dawa aka kawo wani ƙaramin jirgin feshi, aka ɗauke ni ina wanke shi, ina gangaro masa durom ɗin mai. Injiniyan jirgin yana kirana oga don tsokana, ni kuwa wawan Allah sai kaina ya kumbura.

Wata safiya ya ga bututun mai yana ɗiga. Ya ce sabo sai an aiko daga nesa, ga manoma sun cika filin suna cewa tsuntsu zai gama da su. Sai na ce masa wannan ai ƙaramin abu ne, mu a gareji robar tsohuwar taya muke yankowa mu ɗaure, babur ya je Maiha ya dawo lafiya. Maimakon ya zage ni ya kore ni, sai ya yi dariya ya ce in gwada. Na ɗaure tam ina hura hanci, ya rufe murfi ya sa hannu a takarda. Ni jahili ne, na yarda, ban yi tunanin babu gefen hanya a sama ba. To shi fa da ya yi karatun? Har yau in na tuna dariyar nan zuciyata tafasa take.

Matuƙin mutumin Michika ne mai sanyin hali, tare muke cin ƙosai kullum. Da ya tashi da jirgin, bai yi nisa ba zafin inji ya narkar da robar, hayaƙi ya turnuƙe, jirgin ya faɗa wata gona wajen Bahuli. Ya fita da rai, amma hannuwansa biyu sun ƙone, bai sake tuƙi ba. Da masu bincike suka zo, injiniyan ya ja ni gefe ya ce in na yi magana ni za a ɗaure. Na yi gum. Aka rubuta laifin matuƙi ne.

Yanzu matuƙin yana zama a shagon ƙaninsa a kasuwa. In na wuce sai ya ce baba sannu, ya miƙo mini wannan hannun, ni kuma in karɓa kamar mutumin kirki.

Ku masu aikin hannu, abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ko an kira ku oga. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa ranar da aka tambaye ku. Ni na yi shiru ranar, ga shi na tsufa ina gaisawa da mutum idona a ƙasa.