Kan Burtu da Jirgin Auta

Mahaifinmu maharbi ne, kuma a ƙauyukan da ke gindin duwatsun Roni ba a yi wanda ya kai shi iya sa kan burtu ba. Wanda bai taso a gidan farauta ba zai iya rasa sanin abin. Itace ake sassaƙawa kamar wuya da kan tsuntsun nan burtu, a rufe shi da baƙar fata. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya shiga daji da rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar ƙwari. Barewa ta saba ganin burtu yana kiwo kusa da ita, don haka ba ta gudu har mutum ya zo daf da ita. Da wannan sana'a ya ciyar da mu, har namun dajin suka ƙare, gwiwoyinsa ma suka gaji, ya koma noman gyaɗa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Da na fara koyar da kimiyya a wata sakandare a Kazaure sai ya laƙaba mini Malam, da wata irin murya da ba ka gane yabo ne ko tsokana. Autanmu kuwa injiniya ya karanta, daga baya ya shiga aikin sojan sama.

Wata shekara, bayan an cire gyaɗa, aka zaɓi Auta cikin waɗanda za a tura koyon ƙera jirage marasa matuƙi, irin waɗanda na'urar hango jirage ba ta kama su da sauƙi. Ya zo gida da murnarsa neman albarka, Baba ya ce bai yarda ba, bai kuma faɗi dalili ba. Ranar Litinin ake son ya kai kansa, in bai je ba a ba wani gurbin. Auta kuwa, duk da kakinsa, ba zai taka ko'ina ba sai tsohon nan ya sa masa albarka. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a ya same ni a gida idanunsa jawur, ya ce, “Yaya, in kai ma ka kasa, shi ke nan na haƙura.”

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ni da na shekara da shekaru ina cusa wa ’ya’yan mutane ilimin haske da sauti a kai, tsoho ɗaya ne zai gagare ni? Na ma riga na gano matsalar, a tunanina. Mutane suna kiran abin jirgi mai layar zana, Baba kuma tun da ya dawo daga Makka ya ƙone layunsa na farauta kaf. Na tabbata ya ɗauka tsafi za a koya wa ɗansa. Sai na ari ƙaramin madubin matata na zura a aljihu.

Da hantsin Asabar muka isa a kan babur ɗina. Muka tarar da shi a gindin tsamiyar ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa. Muka durƙusa muka gaishe shi, Auta ya ja gefe ya zauna kansa a ƙasa, ni kuwa na gyara zama na buɗe aji.

Na ce, “Baba, na'urar nan da ke hango jirage wani irin haske take aikawa sama wanda ido ba ya gani. In ya bugi jirgi sai ya dawo mata, da haka take sanin akwai abu.” Na fito da madubin na tari rana, na hasko masa ƙirji. Sai na ɗan karkata shi, hasken ya koma jikin katanga. Na ce haka ake ƙera jikin jirgin, a karkace, a kuma shafa masa fenti mai shanye hasken, don kada ya koma wa mai neman sa. Ɗan abin da ya koma bai wuce girman tsuntsu ba. Na ce tun da babu mutum a ciki, ba sai an yi masa ɗakin matuƙi ba, zai iya zama shafal, ya daɗe a sama bai gaji ba, in an harbo shi kuma babu uwar da za a je yi wa gaisuwa. Na rufe da cewa babu laya babu tsafi, lissafi ne zalla.

Har na gama bai daina ɓarar gyaɗarsa ba. Sannan ya ce, “Malam, ka gama?”

Na ce na gama.

Ya ce, “To ai burtu ne. Ba ɓacewa ake yi ba. Ganin ka ake yi sarai, amma a ga abin da bai dami kowa ba. Wannan tun ranar da yaron nan ya faɗa na gane. Ka mai da wa matarka madubinta.”

Auta ya danne dariya duk da halin da yake ciki. Ni kuwa kunya ta kama ni, don na kwaso darasi tun daga Kazaure na kawo wa wanda ya fi ni sanin sa. Na ce to mene ne abin ƙi?

Baba ya ture faifan gyaɗar, ya zame rigarsa daga kafaɗar hagu. Akwai wasu tabo baƙaƙe a nan, a warwatse, da muka taso muna gani ba mu taɓa tambaya ba, don jikin maharbi ba ya rasa tabo. Ya ce tun kafin a haife ni, yana rarrafe da kan burtunsa a wata fadama ta wajen Gwiwa, ya kusa kai wa garken barewa, sai ya ji an maka masa wuta. Wani manomi ne mai bindigar toka ya hango burtu daga nesa, ya ga nama ya samu, ya saki.

Ya ce, “Mutumin nan ba mugu ba ne. Tsuntsu ya gani. Da ya iso ya ɗaga zanen ya ga mutum, sai ya ɗora hannu a ka. Shi ya goyo ni har gida yana kuka, shi ya yi jinyata. Ran nan a kasuwar Babura na ji fatake suna cewa a wata ƙasa irin jirgin nan ya faɗa wa ’yan biki. Wanda ya saki wutar yana zaune a ɗaki, can wata duniya. To wa ya ɗaga zanen? Wa ya goyi wa? Ni ba zan sa albarka ɗana ya ƙera abin da zai yi kuskure ba a ga mai shi ba.”

Jikina ya yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Na sake kallon tabon. Amma ni ɗansa ne, kuma taurin kan nan a wurinsa na gada. Na ce, “Baba, ka yi mini izini in tambaye ka. Kai da kake zuwa daf da nama, ka taɓa harbin mai ciki?”

Ya ce, “Allah ya kiyaye. Ai ina ganin cikin.”

Na ce, “Ka taɓa harbin akuyar mutane a kan barewa ce?”

Ya harare ni, ya ce ko sau ɗaya.

Na ce, “To wanda ya harbe ka daga nesa ya tsaya, don in ya matso tsuntsun zai tashi. Kai kuwa da ba a gudun ka, kana da lokacin da za ka duba da kyau, ka zaɓa, ko ka fasa ka dawo gida hannu rabbana. Jirgin da ake gani daga nesa dole ya yi sauri ya saki ya gudu kafin a harbo shi. Wanda ba a lura da shi ba zai iya yini yana kallo, har a tabbatar ɓarayin daji ne ko makiyaya ne da iyalinsu. Babban aikinsa gani ne. Jiragen nan kuma za a yi su, da Auta ko ba Auta. Ni na fi son ɗan maharbin da ya san zafin kuskure ya kasance cikin masu yi.”

Baba ya mai da rigarsa, ya dubi Auta, ya ce, “Kai, wane ɓangare za ka ƙera?”

Auta ya ce, “Fiffike da gangar jiki ne, Baba.”

“Yana da ido?”

“Yana da shi, Baba. Na'urar ɗaukar hoto ce a ƙarƙashinsa.”

Ya ce, “To ka roƙi manyanka su sa ka a wajen idon. Ɓuya kowa ma ya iya. Matso.”

Auta ya matso a durƙushe. Baba ya dafa kansa ya sa masa albarka mai tsawo. Na ji daɗi ƙwarai, ina ta yaba kaina a zuci, har na fara lalubo makullin babur. Sai ya juyo wajena.

Ya ce, “Kai kuma Malam, bakinka ne ya buɗe masa hanya. Ranar da idon nan ya ga tsuntsu alhali mutum ne, ba Auta kaɗai zai tsaya gaban Allah ba. Da ni, da kai. Ka ɗauka?”

Na ce, “Na ɗauka, Baba.”

Auta ya tafi ranar Lahadi, kuma ya yi ta naci har aka mai da shi wajen idon. Baba ya rasu bayan damina biyu. Har yau ina nan a kan maganata, da za a sake zaman nan abin da zan faɗa ke nan. Sai dai duk safiyar da aka ce jirgi ya yi harbi a wani wuri, ba na iya shiga aji sai na ji ko su wane ne a ƙasa.