Baffa Ne Ya Amsa Wa Likita

Ƙanina bai fara shan tiramol don iskanci ba, kuma duk wanda ya faɗi haka a gabana zai ji ba daɗi. Ƙodago ne ya kai shi. A Garo, idan kaka ta yi, samari sukan shiga gonakin mutane yankan dawa tun safe har rana ta faɗi, sai wani ya gaya masa akwai ƙwayar da in ka haɗiya ba ka jin ciwon baya. Ya haɗiya, bai ji ba. Daga nan ta kai in bai sha ba ko lauje ba ya iya ɗagawa. Kowa a gidanmu ya sani. Amma gidan malamai ne, mahaifinmu ya rasu, ƙaninsa da muke kira Baffa shi ne liman, shi ne kuma mai magana da yawun gidan. A irin wannan gida, abin da ba a faɗa ba bai faru ba.

Na zo gaishe da Inna wata rana bayan azahar sai ga shi an kawo shi daga gona a kan amalanke, yana ta shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa. Wani maƙwabci ya ba da mota, muka nufi asibiti a Gwarzo, Baffa a gaba da carbinsa, ni da Inna a baya mun tallafe kansa.

A ɗakin gaggawa wani matashin likita ya tarbe mu. Ya duba idonsa, ya saurari numfashinsa, sannan ya tambaya: "Me ya ci? Me ya sha?"

Baffa ya gyara rawani ya ce, "Zazzaɓi ne, likita. Ga kuma rana ta buge shi."

Wallahi sai na ji kaina ya yi zafi. Yaro yana kwance yana shirin tafiya, ana kare rawani. Daga bakin ƙofa na ce, "Tiramol yake sha, likita. Ya daɗe yana sha."

Inna ta mintsine ni a cinya. Baffa bai waiwayo ba, amma na ga yadda wuyansa ya sandare. Likitan ya juya ya ba ma'aikatansa umarni, suka rufu a kansa. Kafin magariba ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Washegari likitan ya dawo, ya ja kujera ya zauna kusa da gadon. Ya ce suna wani bincike: mutumin da ƙwaya ta kawo shi ɗakin gaggawa, maimakon a farfaɗo da shi a sallame shi ya koma inda ya fito, sai a fara masa maganin rabuwa da ita tun daga nan, ya riƙa dawowa ana duba shi, a ga ko hakan ya fi. Ya ce ba dole, mai jiki shi ke da zaɓi.

Ƙanina ya kalli rufin ɗakin, hawaye ya bi ta kunnensa. Ya ce, "Wallahi na gaji, likita. Ina so."

Ban taɓa jin ya nemi wani abu a gaban Baffa ba sai ranar. Da likitan ya tsaya a nan, da an gama. To amma shi ma ɗan gida ne, an yi masa tarbiyya, ya ga dattijo a zaune ba zai iya tsallake shi ba. Sai ya juya ya rusuna ya ce, "Malam, kai me ka gani?"

Har yau ina jin haushin wannan ladabi. Wa ya aiki likitan nan? Mutum da gemunsa ya ce yana so, kai da bakinka ka ce zaɓin nasa ne, sannan ka ɗauki zaɓin ka miƙa wa wanda jiya-jiyan nan ya yi maka ƙarya a kan gadon nan.

Baffa ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Za mu yi shawara."

Ba wanda bai gane cewa a'a ce ba, har likitan. Ƙanina ya juya fuskarsa bango.

A mota na kasa shiru. Na ce, "Baffa, don Allah a bar shi ya koma."

Ya ce, "Ke, mutanen Kabo da na Garo kullum suna asibitin nan. So kike a ga ɗan gidan liman a layin 'yan ƙwaya? Gobe wa zai bi ni salla?"

Na ce, "In ya mutu fa?"

Ya ce, "Rai a hannun Allah yake. Ke da aka haifa jiya."

Ya yi masa rubutu, ya yi masa tofi. Ba na raina rubutu, da shi na girma. Amma Baffan nan shi ya karantar da mu cewa neman magani ba ya ɓata tawakkali, kuma ciwon sukarinsa ba ya fashin asibiti. Na lallaɓa ƙanina a ɓoye na ce ya zo in kai shi da kaina, ba wanda zai sani. Ya ce, "Yaya, Baffa ya hana." Haka aka rene mu, kuma a kansa renon ya fi kamawa.

Da kaka ta zagayo ya sake faɗuwa, wannan karon a wata gona can wajen Gammo, ba kowa kusa. Masu kiwo ne suka tsince shi, ya riga ya yi sanyi.

Muna zaman makoki, na kawo kunu bakin zaure in miƙa, sai wayar Baffa ta yi ƙara. Kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum yakan buɗe muryar wayar kowa ya ji, ina bayan katanga ina ji. Muryar mace ce. Ta gaisa, ta ce daga asibiti take kira, lambarsa ce aka bari, suna bibiyar waɗanda aka taɓa kawowa har da waɗanda ba su koma ba.

Ta ce, "Baba, yaya jikin yaron? Har yanzu yana shan wani abu?"

Zauren ya cika da masu gaisuwa.

Baffa ya ce, "Lafiya lau, ba wata matsala. Mun gode."

Ta ce madalla, har da murnarta. Na san abin da za ta je ta faɗa: ga wanda bai karɓi magani ba, kuma ya tashi lafiya. Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Ya rasu! Shekaranjiya aka binne shi!"

Baffa ya riga ya kashe wayar. Mutanen zaure ne kawai suka ji, su kuwa da su aka je maƙabarta.