Juma'ar da Na Share Lambun Matan Zango

Akwai wata Juma'a a Sokode da ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwancina. Shekaru sun wuce, amma ko yanzu idan na ji warin ganye yana ƙonewa, sai na tsaya na duba ko daga wajenmu ne.

Ni mutuniyar Dapaong ce. Can aka haife ni, can na yi aure, can na binne mijina da 'ya'yana biyu. Bayan su, fasa dutse na yi a bayan gari, ina tara tsakuwa masu gini suna ɗauka. Aikin ya busar mini da hannu, ya busar mini da baki. Ba na hira, ba na roƙo, ba na shiga gidan kowa. Da ƙirjina ya fara ciwo aka ce in ajiye guduma ko ta kashe ni, sai na ɗaure kayana a zane ɗaya na hau mota zuwa Sokode. An gaya mini akwai wata Hajiya a zango, dangin kakata ce ta wajen uwa, wataƙila ta tuna da mu.

Ba ta tuna ba. Ta dai dube ni daga kai har ƙafa, ta ce a kwashe tarkacen da ke ɗakin kusa da rijiya a ba ni. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, mijinta mahauci ne ya rasu, 'ya'yanta maza duk suna kwata. Safe da yamma ana aiko mini da tuwo. Ina ci, amma ba ya yi mini daɗi, domin ban saba cin abin da ban yi wa gumi ba. Na nemi wanki aka ce akwai masu yi, na nemi daka aka ce injin niƙa yana bakin hanya. Wata guda ina zaune kamar turmin da aka jingine.

Bayan gidan, a gangaren da ya nufi rafi, akwai lambu. Da juji ne, matan unguwa suka haɗu suka gyara shi, kowace da ɗan fagenta, kowace tana tsinkar kayan miyarta a ciki. Mai jan su wata 'yar ƙabilar Kotokoli ce da kowa ke ce wa Tanti, wadda ta koyo wannan irin noman a wajen wasu manoma can wajen Kambole. Hausarta ta kasuwa ce, mace ma "kai" take ce mata. Ta sha kirana in shigo, ni kuwa sai in gaishe ta daga bakin danga in wuce.

Gaskiya abin da na gani a lambun bai burge ni ba. Babu kunya ko ɗaya a miƙe. Masara ga wake yana hawanta, kabewa tana jan ciki a ƙarƙashi, zogale a gefe, ayaba ta kewaye wani rami da ruwan wanke-wanke ke gangarawa ciki. Ƙasar kuma ba ka ganinta sam. An lulluɓe ta da ruɓaɓɓen ganye, ɓawon gyaɗa, ɓawon ayaba, karan masara, har da kashin shanu. A raina na ce matan nan suna da kirki amma ƙazamai ne. Uwata ta koya mini cewa ana gane mace daga tsakar gidanta, kuma a gonakinmu kafin ruwa ya sauka sharewa ake yi, a tara, a sa wuta. Abin da na sani ke nan. Ban tambayi kowa ba, don tambaya ma a lokacin ina ganinta kamar roƙo.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, kuma ba su daɗe da dasa tumatir da tattasai da gauta ba. Ranar Juma'a mata ba sa zuwa lambu da safe, kowa na fama da wanki da kitso da girki. Sai na ce yau zan saka wa mutanen nan da alheri. Ina idar da sallar asuba na ɗauki manjagara da tsintsiya na shiga.

Na yi aiki irin wanda na iya. Na janye ganyen nan tas daga gindin kowace shuka, na tara tsibi-tsibi. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce, mai sanyi, tanoni suna ta mutsu-mutsu, kaji suka biyo ni suna tsince su. Ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba. Da hantsi ya yi na bi da tsintsiya har sai da zanenta ya fito a ƙasa, sannan na cinna wa tsibin wuta. Na tsaya riƙe da ƙugu ina kallo. Tun da na zo garin ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Hayaƙin ne ya kira su. Suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wata da rabin kitso, wata da kumfa a hannu. Tanti tana kasuwa aka gaya mata, ta zo a kan zemijan, wato babur ɗin haya, ta sauka tun bai gama tsayawa ba. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a ƙasa, ta daɗe a haka.

Akwai wata matashiya a cikinsu, matar wani direban tirela, mai kaifin baki. Ita ce ta fara magana.

"Baiwar Allah, wa ya aike ki?"

Na ce, "Ba kowa. Datti ne ya yi muku yawa, na gyara."

"Datti. Shekara biyu muna ɗauko dattin nan a ka, ke kin gama da shi kafin a sauke koko."

Sai Tanti ta ɗago. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Yaya, wannan zanen ƙasa ne. Shi ke riƙe ruwa, shi ke ba shuka abinci. Ka tuɓe shi tsirara a cikin rana."

Kafin a tafi masallaci dashen nan duk ya sunkuyar da kai. Na gani da idona, ƙasar da na tarar baƙa da asuba ta koma fara, ta fara tsagewa.

Na koma ɗaki na ɗaure kayana. Ban yi kuka ba, na daɗe da daina wannan. Na dai san abu ɗaya: na ci tuwon mutane wata guda, na saka musu da wuta, ba ni da fuskar zama. Ina cikin neman takalmina Hajiya ta shigo da sandarta. Ta dubi ƙullin kayan, ta juya a hankali ta zauna a kansa.

"Ina zuwa?"

"Dapaong."

"Wa kika bari a can?"

Na ci gaba da neman takalmina. Sai ta ce:

"To ba a ƙone wa mutane abu a je a hau mota. A gidan nan dai ba a yi."

Ta gaya mini Tanti ta ce idan aka sake rufe ƙasar cikin kwana biyu ko uku, ana bi da ruwa, wasu za su tashi. Amma ganyen da ake bukata mai yawa ne, kuma na gindin itatuwan kusa duk an daɗe da kwashewa. Inda ya rage shi ne cikin gidaje, don kusan kowane gida a zango akwai mangwaro, kullum da safe ana share ganyensa a ƙone a ƙofa. Ta ce ni na ƙone, ni zan je in karɓo.

Da ta ce in fasa dutsen da ya kai ɗakin nan girma da na fi murna. Amma da la'asar na ɗauki buhu na fita.

Gidan farko na yi sallama, matar ta fito, na ce mata ina son shararsu. Iyakar abin da na faɗa ke nan, don ban iya doguwar magana ba. Ta dube ni, ta kira surukarta. Tsohuwar ta fito tana gyara ɗankwali ta ce, "Sharar gidanmu? Wane malamin ne ya ce ki kai masa?" Suka janye tsibin ganyen zuwa ciki suka tura ƙofa. Ban yi fushi ba. Ko ni ce baƙuwa ta zo mini neman abin da aka share daga ƙofar ɗakina, abin da zan zata ke nan. Kafin in kai gida na huɗu labari ya riga ni, wai baƙuwar Hajiya tana bin gidaje tana neman ƙasar da mutane suka taka. Na dawo da buhuna yadda na fita da shi.

Washegari da safe na tarar da Hajiya a zaure ta yafa mayafi. Matar da ko masallacin unguwa sai an riƙe ta, ta ce mu je. Muna tafiya tana tsayawa tana hutawa. A kowace ƙofa magana ɗaya take yi:

"Wannan 'yata ce. Ita ce ta ƙone mana lambu jiya. Ku ba ta ganye ta je ta gyara."

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Amma abin mamaki, dariya matan suke yi. Wata ta ce ashe ni ce mai tsabtar, in shigo su gan ni da kyau. Wata ta ce idan na gama da lambu ga ɗakin mijinta nan, shi ma wuta yake bukata. Aka shimfiɗa wa Hajiya tabarma, aka ba ni ruwa, aka fara tambayata daga ina. A wani gida na sami wadda uwarta 'yar Nano ce, can wajenmu, ta riƙe ni da tambayar ko har yanzu kasuwar can tana cika. Tsohuwar da ta rufe mini ƙofa jiya da kanta ta riƙe mini bakin buhu, tana cewa ai da na yi bayani.

A gida na ƙarshe wata mai goyo ta tambaye ni yara nawa gare ni. Tambaya ce da ake yi wa kowace mace, amma ni na yi shekaru ban zauna inda za a yi mini ita ba. Na ce biyu, duk sun riga ni. Ba ta yi mini dogon jaje ba. Ta dai kwance goyonta ta ɗora mini shi a cinya, ta ce in riƙe mata ta ɗebo ganyen bayan ɗaki. Jikinsa da ɗumi, yana wasa da yatsuna masu kaushi. Ganyen bayan ɗakin bai fi tafi uku ba, amma ta daɗe ba ta dawo ba. Hajiya tana gefe tana jan carbi, ta yi kamar ba ta ga fuskata ba.

Kwana uku muna wannan aikin. Ina ɗaukowa a ka, muna tsince leda da kwalba, muna shimfiɗawa. 'Ya'yan Hajiya suka aiko da kashin shanu daga kwata a baro. Tanti tana nuna mini da hannu: kauri kamar tsawon yatsa, kada ganye ya taɓa wuyan shuka, a zuba ruwa a hankali da yamma. Matar direban tana gefena, bakinta bai huta ba. Duk sanda na miƙe sai ta ce a ɓoye ashana.

Ba duka suka tashi ba. Tattasai da gauta sun farfaɗo, amma tumatir fage biyu ya mutu, kuma na matar direban ne. Na same ta a bakin rijiya na ce na kashe mata tumatir, ta yafe mini. Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace nauyi a bakina. Ta ce ta yafe, amma ni zan yi mata renon wani irin, kuma kullum sai na zo gidanta na faɗa mata yadda ya kwana. Na ce to. Haka aka yi, kuma ba ranar da na je na fito ban ci wani abu ba.

Bayan kamar mako uku, ruwa bai riga ya sauka ba, Tanti ta kira ni tsakiyar lambu da rana tsaka. Ta kama hannuna ta cusa shi ƙarƙashin ganyen. Sama zafi kamar murhu, ƙasa kuwa sanyi da laima, har wani abu ya motsa a tsakanin yatsuna. Tanar ta dawo. Sai ta nuna mini wani ɗan wuri tsakanin fagen Hajiya da na matar direba.

"Nan naka ne."

Na ce ban iya irin nomansu ba.

Ta ce, "Ga mutum a dama, ga mutum a hagu. Ka tambaya."

Rama da wake na fara shukawa, kuma sai da na tambaya kafin in tona rami ko ɗaya. Har yau ina zango. Gidajen unguwarmu sun daina ƙona ganye, a buhu suke tara mini, ni nake bi da safe ina karɓa. Aikin rabin awa ne, amma yakan kai ni hantsi, domin ba gidan da ake barina in tsaya a ƙofa.

Abin da wannan Juma'ar ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Kada in gyara abin mutane sai na tambaye su me ya sa suka bar shi haka. Sannan na daɗe ina zaton mutunci shi ne kada ka bukaci kowa. Wata guda na yi ina kame kaina a garin nan, ba wanda ya san ni. Sai da na yi ɓarna, na tsaya a ƙofofinsu da buhu a hannu ina nema, sannan na zama tasu.