Ɗakin 'Yan Minshari

Mijin yayata kafinta ne, kuma da wuya ka samu fasto a gundumarmu wanda bai taɓa kwana a kan aikin hannunsa ba. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, manya da yara Mai Gado suke ce masa. Ni kuwa ƙanwar matarsa ce, ina da izinin tsokana, don haka nakan ce masa wasu sun gaji gona, wasu sun gaji gida, shi da aka ce a zo rabon gado sai ya ɗauka na kwanciya ake nufi.

Ikilisiyoyin gundumar suna da wani wuri a bayan gari inda ake taruka. Babban zaure ne guda, da ɗakin girki, da ɗakunan kwana bakwai a jere, kowanne cike da gadaje masu hawa biyu. Can ake bitar fastoci duk shekara, can ake taron zumuntar mata, da na dattawa, da na mawaƙa. Mai Gado ne ya ƙera gadajen nan tun yana sabon ango, ya ƙirga kowace ƙusa da ya buga. A shekara ta biyu sai aka ba wani fasto mai jiki gadon sama, a ƙarƙashinsa kuma wani siririn mai bishara. Kafin gari ya waye na sama ya sauko ya iske na ƙasa, da shi da katifa da katakon gaba ɗaya. Ba wanda ya ji ciwo, amma da safe wajen shan shayi wani ya ce ai aikin kafintocin zamani ke nan.

Maganar ta iske shi a shago. Ya ajiye zarto, ya hau keke, bai tsaya ko'ina ba sai gaban tsohon Rabaran da ke shugabancin gundumar a lokacin. Ya gaya masa cewa gadonsa ba shi da laifi, laifin na wanda ya dubi mutum kamar buhu uku ya ce masa hau sama ne. Rabaran ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "To, tunda ka fi mu sanin abin da katako zai iya ɗauka, daga yau kai za ka riƙa rabawa."

Aikin da aka ba shi don a kashe bakinsa, shi ya riƙe fiye da shekara talatin.

Ranar da za a fara taro yakan rufe shago, ya sa rigarsa mai aljihu huɗu, ya soke fensir a bayan kunne, ya tsaya a bakin barandar ɗakunan. Duk wanda ya sauko daga mota sai ya auna shi da ido daga kai har ƙafa, kamar mai sayen katako. Da farko nauyi kawai yake dubawa. Da tafiya ta yi nisa sai ya gane rabon gado ya wuce nan. Akwai masu tashi addu'a tun zakara bai yi cara ba, kuma ba su yarda Allah yana jin raɗa ba. Waɗannan ya tara su a ɗaki na ɗaya. Akwai masu son taga a buɗe da waɗanda ko iskar numfashi ba sa so ta taɓa su. Akwai waɗanda idan ba a ba su wa'azi a zaure ba sai su dawo ɗaki su sauke shi a kan abokan kwana. Idan fastoci biyu ba sa ga maciji, shi ne farkon sani, sai ya sa ɗakuna uku a tsakaninsu.

Sai kuma masu minshari. Waɗannan bai taɓa yi musu sassauci ba. Ɗaki na bakwai, can ƙarshe kusa da tankin ruwa, shi ne nasu, kuma wanda ya shiga ba ya fita. Ba ruwansa da muƙami ko furfura. Akwai wani dogon fasto mai fara'a, Fasto Dogo ake ce masa, wanda ya yi shekara goma sha tara a ɗakin. Duk shekara sai ya zo da sabuwar hujja: bana ya rage ƙiba, bana likita ya ba shi magani, bana matarsa ta shaida ya daina. Mai Gado yakan saurare shi da ladabi, ya gyaɗa kai, ya miƙa masa makullin ɗaki na bakwai. Har ya taɓa ce masa minshari ba zunubi ba ne, amma dai rashin tausayin maƙwabci ne, kuma mutum mai kamun kai ya kamata ya iya kame maƙogwaronsa.

Shi kansa a ɗan ɗakin ajiyar kaya yake kwana, can bayan ɗakin girki, tsakanin guduma da tarin kujerun da suka karye. Ya ce mai rabo ba ya cin abin da yake rabawa. Kuma duk shekarun nan bai taɓa zama ya saurari darasi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Da an fara waƙar buɗewa za ka hango shi ya sulale, wai zai duba wata ƙafar gado. Idan na ce masa shi kaɗai ne ya yi bita talatin bai karu da ko aya ɗaya ba, sai ya ce su fastoci sun san Littafi, shi kuma ya san fastoci. Na sha lallaɓa shi ya ba ni labarin wa ke magana cikin barci da abin da yake faɗa, amma ko da wasa bai taɓa buɗe baki ba. A nan kam na sara masa.

A shekarar da ya cika sittin, gunduma ta shirya taron ma'aurata na kwana uku, fastoci da dattawa da matansu. Yayata ba ta yi shawara da shi ba, ta je ta rubuta sunansu. Da ya ji sai ya ce ai dama zai je, wa zai raba gadaje? Ta ce a'a, wannan karon zama zai yi a kujera kamar kowa, kusa da ita, da littafi da biro. Ya kawo uzuri ya kai goma. Yayata mace ce mai sanyin magana, ba ta musu, sai dai ta ci gaba da goge masa rigar da zai sa. A ƙarshe suka daidaita: zai raba ɗakunan maza, zai kwana a ɗakin kayansa, amma daga waƙar buɗewa zuwa addu'ar rufewa ba zai motsa daga gefenta ba. Ni da maigidana ma mun je, kuma na tabbatar mun zauna a bayansu, don kada wani abu ya wuce ni.

Mai koyarwar wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta iya sa manyan mutane amsa tambaya kamar 'yan aji ɗaya. A safiya ta biyu ta ce kowa ya tashi ya faɗi abu ɗaya da yake kewa idan abokin zamansa ya yi tafiya. Maza suka yi ta tashi suna cewa girki, girki, girki, har malamar ta ce daga yanzu duk wanda ya sake ambaton tukunya zai tsaya a tsaye har a tashi. Da aka zo kan Mai Gado ya miƙe, ya gyara fensirinsa, ya ce shi matarsa ba ta tafiya, don haka tambayar ba ta shafe shi ba. Aka yi dariya, ya zauna yana jin ya tsallake.

Sai yayata ta tashi. Ta ɗan sunkuyar da kai, ta ce ita kam duk lokacin da ya taho taro ba ta iya barcin kirki.

Malamar ta ce, "Saboda tsoro, Mama?"

Ta ce, "A'a. Gidan ne yake yin shiru da yawa. Shekara talatin da huɗu da minsharinsa nake barci. Idan babu, sai in ta juyi."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, ba ta ma san ta jefa dutse a kasuwa ba. Daga nan na ga Fasto Dogo yana miƙewa a hankali daga kujerarsa, kamar wanda aka kira sunansa a wajen rabon kyauta. Ya roƙi malamar ta ba shi izini, ya juyo wajen yayata cikin girmamawa ya ce, "Mama, don Allah a maimaita, mu na baya ba mu ji sosai ba."

Mutanen ɗaki na bakwai su tara ne a taron nan, kuma ban taɓa ganin farin ciki irin nasu ba. Wani har da share hawaye. Wani ya ce lallai gwano ba ya jin warin jikinsa. Mai Gado ya tsaya kai da fata cewa sharri ne, numfashi ne kawai mai ɗan nauyi irin na mutumin da ya wuni yana aiki, kuma ita yayata mafarki take yi. Ya ce a kawo shaida. Yayata ta zauna duk kunya ta rufe ta, tana jan gefen rigarsa tana ce masa ya yi haƙuri, ita yabo ta yi nufi.

Shaidar ba ta yi nisa ba. Bayan abincin rana aka koma zaure, ana zafi, fanka ɗaya ce ke aiki, malamar kuma ta shiga dogon bayani a kan yadda ake sauraron juna. Mutumin da bai taɓa zaman darasin rana ba a rayuwarsa bai san dabarun da fastoci suka daɗe da ƙwarewa a kai ba, irin su tauna biro da matse ɗan yatsa. Ina kallon ƙeyarsa tana sauka sannu a hankali. Yayata ta zungure shi sau biyu, a na uku ta ƙyale shi. Ya fara da ƙasa-ƙasa kamar ana jan benci a ɗaki na kusa, sannan ya hau, ya zama zarto a cikin ɗanyen katako, har da ɗan fito a ƙarshen kowane ja. Malamar ta dakata. Fasto Dogo ya ɗaga hannu ya roƙi jama'a kada a tashe shi, a bar shi ya kammala jawabinsa.

Tafin da aka yi ne ya farkar da shi. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya taya su tafawa, yana zaton malamar ce ta gama.

Ranar bai ci abincin yamma da mutane ba. Yayata ta same shi a ɗakin kaya yana ta daidaita wata kujera da ba abin da ya same ta. Ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce ya ajiye kujerar, ya tambaye ta me ya hana ta gaya masa tun tuni. Ta ce masa a shekarar farko ta yi niyya, amma tana jin nauyinsa. A ta biyu ta saba. Daga ta uku kuma ba ta ga abin gyara a ciki ba. Ya ce to ai ta bar shi yana yanke wa bayin Allah hukunci shekara da shekaru. Ta ce wannan kuma ba a tambaye ta ba.

Da bitar fastoci ta zagayo, ya tsaya a baranda kamar kullum ya raba wa kowa wurinsa. Da ya gama sai ya ɗauki jakarsa da bargonsa, ya bi barandar har ƙarshe, ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki na bakwai. An ce tsaye suka karɓe shi. Fasto Dogo ya auna shi da ido daga kai har ƙafa, ya zagaya shi sau ɗaya, ya nuna masa gadon ƙasa na kusa da ƙofa, ya ce sabon shiga nan yake farawa.

Kwana uku ya yi a ciki, ya fito da abubuwan da bai sani ba. Ashe rufin ɗakin yana yoyo a kusurwa, ashe tagar baya ba ta rufuwa tun shekaru, tankin kuma yana jiƙa bango har katifu suna wari. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara, don sun ɗauka yana cikin hukuncin. Wannan ya dame shi fiye da dariyar da aka yi masa. Sati biyu ya rufe shago ya tare a can, ya canja kwano, ya yi sabuwar taga, ya sa aka matsar da tankin, ya ƙera musu kanta ta ajiye littattafai wadda ko ɗakin manyan baƙi ba shi da irinta. Ya kuma gano cewa duk wurin ba inda ake hira mai daɗi kamar nan, don mutanen da aka riga aka kora ba su da sauran abin ɓoyewa.

Yanzu gwiwa ta hana shi tsayuwar baranda, wani sakataren gunduma ne ke rabon da takarda, shi kuma yana zaune a kujera a gefe yana gyara masa kuskure da baki. Bara wani sabon fasto ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya, ya ce shi fa yana jin kamar yana ɗan taɓa minshari, ko za a duba lamarinsa. Mai Gado ya ce masa sai ya kawo takardar shaida daga matarsa, don masu nema sun yi yawa, gadaje kuma goma sha biyu ne kacal.